Matar da Ta Ce Ɓerayen Sun Ji Sanyi

Kullum ƙarfe shida da rabi na safe bas ɗin da ke saukowa daga arewacin birnin Milwaukee na Amurka yake ajiye Mis Verlene Gaither a bakin cibiyar bincikenmu. Ba ta bi ta babbar ƙofa mai gilashi. Ta baya take zagawa, inda motoci ke sauke buhunan abincin dabbobi, ta sauka matakala zuwa ƙarƙashin gini tana dafa bango saboda gwiwarta ta hagu. Ta rataye kwat ɗinta, ta sa takalmin roba da rigar leda, ta ɗaure kanta, ta shiga ɗakin wanki. Kejin ɓeraye kusan ɗari huɗu ne suke jiranta a jibge. Ta juye garin katakon da ya sha fitsari, ta kankare abin da ya maƙale, ta jera a bakin injin wanki. Injin ya haɗiye, ya amayo su ta ɗaya gefen da tururin da ke dafa fuska. Ƙarar wurin kuwa, sai ka kai bakinka kunnen mutum kafin ya ji ka. Haka za ta yi har ƙarfe uku, in ban da rabin awar da take zama a kan juyayyen bokiti ta ci burodin masara da waken da ta zo da shi daga gida.

Shekarunta sittin da huɗu. Talatin da ɗaya a ginin nan ta yi su, kuma ranar Juma'ar ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki. Wanda ya zo cikin shekara biyun nan zai ɗauka wankin keji aka ɗauke ta yi tun farko. Wankin keji ba abin kunya ba ne, da babu masu yin sa da bincikenmu ya tsaya cikin mako guda. Amma ba nan ne wurinta ba, kuma duk wanda ya daɗe a nan ya san haka. Shekara goma sha uku ita ce take riƙe da ɗakin hoto. An fitar da ita. Abu ɗaya tak ta roƙa kafin ta tafi: a mayar da ita ɗakin, ko da na mako guda ne. Ya kamata kowa a ginin nan ya san dalilin da ya sa aka fitar da ita, da amsar da aka ba ta.

Mutanen saman bene, waɗanda hotunan kawai suke gani a allo ja da shuɗi gwanin sha'awa, ba su cika sanin abin da ake yi a ɗakin nan ba. A can ake leƙa cikin jikin ɓera yana raye, ba a yanka ba, ba a huda ba. A shaƙa masa iskar barci, a shafa man da ke cire gashi, a naɗe shi da wata leda shara-shara, hancinsa a bakin bututun numfashi, a nutsa shi cikin bahon ruwan ɗumi. Na'ura ta riƙa walƙa masa hasken leza. Jini ya sha hasken, ya ɗan motsa motsin da ba idon da zai gani, motsin ya ba da wani siririn sauti, kunnuwan na'urar da ke cikin ruwan su kama shi, kwamfuta ta mayar da shi hoto. Sai ga hanyoyin jini kamar saiwar bishiya. Ka ga inda jini ya wadata da inda ya yi ƙaranci, ka ga yadda ƙari, wato kumburin ciwon daji, yake janyo jijiyoyi wurinsa don ya sha ya girma.

Abin da hoton ba ya nunawa shi ne hannun da ya kwantar da ɓeran. Ɓeran da aka sa wa iskar barci ba ya iya ɗumama jikinsa. Da ya ji sanyi jijiyoyinsa za su tsuke, jini ya janye can ciki, hoto ya fito da duhu a inda ya kamata ya yi ja. Saboda haka Mis Verlene ba ta taɓa nutsa dabba sai ta bar hitar ɗumama ruwa da ɗan injin da ke juya ruwan sun yi minti arba'in suna aiki. Ko lamba ta yi daidai a ma'aunin zafi ba ta gamsuwa. Sai ta zame bakin safar hannunta, ta ɗora tafin ƙafar ɓeran a kan fatar wuyan hannunta, ta ɗan lumshe ido. In ta ce da saura, to da saura, ko farfesa ne yake tsaye yana duba agogo.

Nirmala Pillai, wadda yanzu take gab da kammala digirinta na uku, ta ce ba za ta manta makonta na farko ba. Ta ƙure wa allo ido tana jiran hoto, ba ta lura iskar barcin ta yi yawa ba. Ko da ta waiwaya, cikin ɓeran ya daina motsi.

"Mis Verlene! Ya mutu! Na kashe shi, na shiga uku!"

"Ke matsa can, 'yar nan. Wannan ihu naki, ko mai rai ma sai ya sume."

Mis Verlene ta ciro shi daga ruwan, ta warware ledar, ta kashe iskar barci, ta buɗe masa iskar oksijin. Ta kwantar da shi a tafin hannunta tana danna ƙirjinsa da kan yatsa ɗaya, a hankali, bakinta yana ƙirga. Nirmala ta ce ba a yi minti biyu ba ɗan abin ya ja numfashi ya murɗa gashin baki.

"Ungo ɗanki," in ji Mis Verlene. "Daga yau cikinsa za ki riƙa kallo. Allon nan ba ya numfashi, zai jira ki."

Ɗalibai nawa ne suka koyi wannan a hannunta? Wasu yanzu suna da ɗakunan bincike nasu na kansu a wasu jihohi, suna koyar da shi kamar da shi aka haife su.

A hunturun shekara biyu da suka wuce aka yi mata aikin gwiwa, ta yi mako biyar a gida. A cikin makonnin nan ne Dokta Grant Kessenich ya fara babban gwajinsa. Matashin mai bincike ne da shugaban sashenmu, Farfesa Konrad Brandvold, yake ji da shi. Yana da wani magani da yake fatan zai shaƙe jijiyoyin da ke ciyar da ƙarin daji. Ɓeraye arba'in masu ƙari, rabi an ba su maganin, rabi ba a ba su ba. Da yake Mis Verlene ba ta nan, shi ya riƙa ɗaukar hotunan da kansa, kuma ya yi abu biyu da duk wanda ya taɓa zama gaban na'urar nan zai gane dalilinsu. Ya kashe injin juya ruwa, don 'yar karkarwarsa tana sa hoto ya yi dishi-dishi. Kuma kullum da waɗanda aka ba magani yake farawa da sassafe, don su ne ransa yake ɗokin gani. Sauran sai bayan abincin rana.

Hita da ma'auni duka a saman bahon suke, gefe da gefe. In ba a juya ruwan ba, cikin minti goma ma'auni zai nuna talatin da bakwai, daidai ɗumin da ake so, alhali can ƙasa inda ɓeran yake kwance ruwan famfon watan Janairu ne. Sai wajen tsakar rana ɗumin yake ratsa bahon duka.

Hotuna suka fito kamar yadda aka yi mafarkinsu. Ƙarin da ke jikin waɗanda aka ba magani duhu, kamar an yanke masa jini. Na sauran ja wur.

Mis Verlene ta dawo a makon ƙarshe tana dogara sanda. Dokta Kessenich ya ce mata kada ta wahalar da kanta, ta riƙa karɓar ɓerayen kawai tana kai su akwatin ɗumi har su farfaɗo. Kwana biyu ta yi tana wannan. Na safe sukan yi minti ashirin ba su tashi ba, ƙafafunsu fari fat, suna rawar sanyi. Na yamma minti biyar sun miƙe suna neman abinci. A rana ta uku ta naɗe hannun riga ta zura hannu har gwiwar hannu cikin bahon.

"Dokta, wa ya kashe injin nan?"

"Ni ne. Girgiza mini hoto yake yi."

"To zo ka sa hannunka nan ƙasa ka ji."

Bai ɗago daga allo ba. "Ma'auni ya ce talatin da bakwai, Mis V."

"Ma'auni yana zaune jikin hita yana jin daɗinsa. Su kuwa suna can ƙasa."

Ya yi dariya. Nirmala tana ɗakin, ita ta ji da kunnenta. "Haba Mis V. Kin yi mako biyar kina miƙe da ƙafa gaban talabijin, yau kin dawo za ki koya mini kimiyya?"

"Ni ban san kimiyya ba, ɗana. Sanyi nake gaya maka."

Ya ce zai duba. Bai duba ba.

Kowa ya san yadda taronmu na ranar Juma'a yake. Dogon tebur na masu digiri ne da masu neman digiri, da kofinsu da donat a gabansu. Ma'aikatan ƙasa a kujerun jikin bango suke zama, su jira a gaya musu aikin mako mai zuwa. Ba wanda ya taɓa rubuta wannan doka, ba kuma wanda ya taɓa karya ta. A Juma'ar nan Dokta Kessenich ya haska hotunansa, aka yi tafi, Farfesa ya ce a fara rubuta maƙala a aika wa mujalla kafin wasu su riga mu. Ya tambaya ko akwai mai magana, yana tattara takardunsa.

Mis Verlene ta dafa sandarta ta miƙe.

"Yallaɓai, a yi mini haƙuri. Ɓerayen nan na safe sun ji sanyi."

Wani ya yi 'yar dariya ya haɗiye ta.

"Me kika ce, Verlene?" Farfesa ke nan, shi bai taɓa sa mata Mis ba, ko da yake ta girme shi.

Ta faɗi komai a fili, ba ta ƙara ba, ba ta rage ba: injin da aka kashe, inda ma'auni yake, waɗanda ake farawa da su, minti ashirin da minti biyar. Ta ce ita ba ta ce maganin ba ya aiki ba. Ta ce a sake ɗaukar ko da guda shida ne a ruwan da ya yi ɗumi sosai, a gani.

"Kin auna zafin jikinsu?" in ji Dokta Kessenich, kunnuwansa sun yi ja.

"Na taɓa su."

"Ta taɓa su!" Ya juya ga tebur ya ware hannuwa. "To sai mu rubuta wa mujalla cewa an taɓa su. Mu haɗa da hoton wuyan hannun."

Aka yi dariya. Ba kowa ba, amma an yi.

Farfesa ya ɗaga hannu. "Mun gode, Verlene. Mun san kina ƙaunar dabbobin nan. Ki bar mana lissafin." Ya kira batu na gaba.

Mutum goma sha tara ne a teburin nan, ina cikinsu. Aƙalla takwas daga cikinmu a hannunta muka koyi riƙe ɓera. Mun san ba ta taɓa cewa da saura ya zama babu saura ba. Kwana ɗaya kacal gwajin da ta nema zai ci. Muka sunkuyar da kai muna juya kofi, kowa yana tunanin takardar shaidar da zai nema wurin Farfesa wata rana. Ta ɗan ƙara tsayawa tana duban fuskokinmu ɗaya bayan ɗaya, sannan ta zauna.

Bayan mako biyu, ranar Litinin da safe, ta kara katinta na shiga a ƙofar ɗakin hoto, wutar ta nuna ja. Ta goge katin a rigarta ta sake karawa. Ja. Takardar tana jiranta a akwatin saƙonta: an sake tsarin aiki, daga yanzu sai mai digiri ne zai shiga ɗakin da ke da leza, saboda kare lafiyar ma'aikata. Shekara goma sha uku tana shiga ɗakin nan ba a tuna da lafiyarta ba. Mutum ɗaya ne a duk ginin sabuwar dokar ta shafa. Aka tura matar da ba ta daɗe da tashi daga aikin gwiwa ba ta je ta wuni a tsaye kan jiƙaƙƙen siminti.

Lupe Arreola, wadda suke wankin tare, ta ce ba a yi wata guda ba ɗalibai suka fara saukowa a sace, ɗaya bayan ɗaya, suna waige-waige kamar masu sayen abin da doka ta hana.

"Farfesar wanki!" Lupe takan ɗaga murya ta fi ƙarar injin. "Ga wani majinyacin ya zo asibiti. Ɗan saurayi, ka yanki kati kuwa?"

"Ke dai Lupe, bakinki ba ya hutawa. Zo nan, ɗana, mene ne?"

"Mis Verlene, kumfa nake ta gani a hoton."

"Man da kake shafa masa ne, kana dama shi kamar kwaɓin kek. Matsa shi a hankali daga wuya zuwa wutsiya, ka bi da yatsa sau ɗaya. Jeka."

Hannunta bai daina kankarar keji ba take ba da amsa. Lupe ta ce wata rana abin ya ishe ta, ta jefar da burushi ta ce, "Ni fa ban gane miki ba, yaya. Waɗannan da suka yi gum ranar da aka yi miki dariya, su ne kike koya wa? Ki bar su su kwaɓa abinsu mana."

"Ba su ne za su ji sanyin ba, Lupe," in ji ta. "Ɓerayen ne."

Maƙalar ta fito a mujalla. Aka fara maganar gwada maganin a jikin mutane, mutanen da ke da ciwon daji na gaske da 'ya'ya a gida. Allah ya taimaka wasu ɗakunan bincike biyu a wasu garuruwa suka gwada shi a nasu ɓerayen, ba su ga komai ba. Suka rubuto suna tambaya. Bayan wata goma sha huɗu Farfesa ya kira Nirmala ya ce ta sake gwajin, kada ta yi surutu. Ta sauka ɗakin wanki ta tambayi yadda za ta yi. Mis Verlene ta ce ta bar injin ya juya ruwan minti arba'in, ta kashe shi daidai lokacin ɗaukar hoto kawai, ta sake kunnawa. Ta ce ta rubuta lambobin ɓerayen a 'yan takardu ta zuba a kofi, wanda ta zaro shi ne na gaba, don kada zuciyarta ta zaɓar mata.

Da Nirmala ta yi haka, babu bambanci ko kaɗan tsakanin masu magani da marasa magani. Nirmala ta ƙara da nata: ta ɗauki hoton waɗanda ba su taɓa shan maganin ba a ruwan da bai gama ɗumi ba. Ƙarinsu ya fito da duhu, irin duhun nan da muka yi wa tafi.

A nan ne mai mutunci zai sauka matakala ya cire hula. Ga abin da aka yi a maimakon haka. An janye maƙalar da layi biyu, wai masu bincikenmu sun gano wata tangarɗa a na'ura. Dokta Kessenich ya samu aiki a wani kamfani a wata jiha, da kyakkyawar takardar shaida a hannunsa. Sai kuma aka zauna aka rubuta sabuwar maƙala a kan yadda sanyin jikin dabba yake ɓata hoto, aka jera sunaye shida a samanta. Farfesa ya hau jirgi ya je babban taro ya gabatar, aka yaba masa da gaskiya da tsantseni. A can ƙasan shafin ƙarshe, da ƙananan haruffa, an gode wa "ma'aikatan kula da dabbobi." Yanzu haka akwai takarda manne a bangon ɗakin hoto mai suna Ƙa'idar Sashen Brandvold. Mataki na farko, a bar ruwa ya juya minti arba'in. Na uku, a tabbatar ƙafar dabba ba ta yi sanyi ba. Wadda ta ƙirƙiro ƙa'idar ba ta taɓa ganin takardar ba, don a cikin ɗakin take.

A watan Maris, bayan ta sa hannu a takardun ajiye aiki, Mis Verlene ta zo da rigarta ta zuwa coci a cikin jaka. Da aka tashi ta canza, ta hau bene na huɗu. Ita da kanta ta ba Lupe labarin yadda aka yi.

"Verlene! Shigo, shigo, zauna. Yaya gwiwar?"

"Gwiwa tana nan, Yallaɓai. Ba zan ci maka lokaci ba. Ban zo a kan suna a takarda ba, wannan ya wuce. Ina so a buɗe mini katina. Mako ɗaya. In yi aikina a ɗakina, in fita da ƙafata, yaran nan su ga ba laifi na yi ba."

"Haba, wa ya ce kin yi laifi? Kowa yana ganin girmanki a nan."

"To a buɗe katin."

Ya numfasa, ya ce dokar ba daga wurinsa ta fito ba, daga ofishin kare lafiya take, hannunsa a ɗaure yake.

"Wa ya je ya ce musu su kafa ta?"

Ya duba agogo. Ya ce kada a tono abin da ya wuce. Ya ce suna shirya mata walima mai kyau, za a ba ta allon yabo da sunanta a jiki, shi da kansa zai yi jawabi. "Gaya mini ma, wane irin kek kika fi so?"

"Yallaɓai, shekara tara ina fama da ciwon suga. Kowa a ƙasa ya sani."

Ta ɗauki jakarta ta sauko.

Da labarin ya kai mana muka rubuta takardar koke, mutum arba'in da uku suka sa hannu, da ɗalibai da ma'aikata. Jarumtar da ta gagare mu lokacin da take da amfani, ga ta ta zo a makare. Amsar layi uku ce: an karɓi kokenmu, an gode da kulawarmu, kwamiti zai duba dokar a zamansa na watan Satumba. Sun san ranar da za ta tafi. Ba ƙin buɗe ƙofar kaɗai suka yi ba, sun ƙi ko da furta kalmar a'a, don kada a ce da su wani abu.

Ranar Talatar da ta wuce Nirmala ta kasa jurewa. Ta sauka ɗakin wanki ta kamo hannun Mis Verlene da rigar ledarta da komai, ta jawo ta har bakin ɗakin hoto. Ta kara nata katin, wuta ta nuna kore, ta tura ƙofar ta tokare ta da ƙafa.

"Ki shigo, don Allah. Farfesa ya yi tafiya, ba mai gani. Ina da guda huɗu yau, ke za ki kwantar mini da su."

Mis Verlene ta tsaya daga waje tana kallon ciki. Lupe da ta biyo su ta ce Mis Verlene ta daɗe tana kallo.

"Wa ya matsar da akwatin ɗumin can jikin ƙofa? Iska za ta riƙa bugun su. Ki mayar da shi kusa da bango."

"Ki shigo ki nuna mini inda yake da."

"A'a, 'yar nan." Ta zare hannunta a hankali. "Da katina na yi shekara goma sha uku ina shiga nan, da rana tsaka, kowa yana gani. Ba zan shiga da na wani ba kamar ɓarauniya don mai gida ya yi tafiya. Saki ƙofar, kina fitar musu da ɗumi."

Ta juya ta koma wurin kejinta. Washegari ofis ya aiko mata da saƙon tuni, ta tabbata ta mayar da katin kafin ƙarfe huɗu na ranar Juma'arta ta ƙarshe.

Mis Verlene, uwar ɗakin hoto, ke ce kika miƙe a inda aka saba zama. Ba ki da digiri ko ɗaya da zai kare ki, ga gwiwa da ɗinki bai gama warkewa ba, kika faɗi abin da mu masu tarin takardu muka sani muka haɗiye. Ke ce kika riƙa ganin ɗan ɓera a matsayin mai rai da ke jin sanyi, lokacin da mu lamba muka mayar da shi. An ci mutuncinki, ba ki rama a kan dabba ba, ba ki rama a kan ɗalibi ba. Mun gode. Godiyar ba ta kai ba, kuma ba ta goge shirun da muka yi. Ba za mu ce ki yafe mana ba, don ba mu yi abin da zai sa mu cancanci roƙon ba tukuna. Allah ya ba ki lafiyar gwiwa, ya ba ki tsawon rai a cikin jikokinki, ya sa ki huta daga tururin nan.

Ku kuma 'yan'uwana da ke cikin ginin nan da irinsa, kada ku zo walimar ku ci kek ɗin da ita ba za ta iya ci ba, ku tafa wa jawabi, ku koma bakin aiki kuna jin kun sauke nauyi. In kuna son koyi da ita, hanyar ba ɓoyayya ba ce. Ku sa hannu a ruwan da kanku. In sakamako ya yi muku daɗi ƙwarai, a nan ne za ku ƙara tuhumarsa. Ku rubuta sunan duk wanda ya gyara muku aiki, cikakken suna, a saman shafi. Kwamitin zai zauna a watan Satumba ba tare da ita ba, amma mu muna nan, mu je mu cika ɗakin mu tambaye su da babbar murya wa ya nemi a kafa dokar nan, kuma a wace rana. Akwai wasu mutum goma sha ɗaya a ƙarƙashin ginin nan da suka san abubuwan da ba mu sani ba, kuma duk sun ga abin da aka yi wa wadda ta yi magana. Tun daga ranar ba wanda ya sake buɗe baki a cikinsu. In muna son su sake gaya mana gaskiya, sai mun nuna musu wannan karon ba za mu sunkuyar da kai ba.